Goron da Alhaji Ya Mayar

Ni ne ɗan fari a gidanmu, saboda haka mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana nemana sai ta ce wa ƙannena, "Ku ce wa wancan ya zo." In na zo, sai ta juya ta faɗa wa bango abin da take so, ni kuma in sunkuyar da kai in amsa wa ƙasa. A haka muka yi zamanmu lafiya, bango da ƙasa suna ta kai saƙo. Bambancinmu shi ne ita kunyarta ta al'ada ce, a kaina ni kaɗai ta tsaya. Tawa kuwa ta haɗa da kowa: malamai, maƙwabta, mai sayar da gawayi, har kazar gidanmu in ta ƙura mini ido.

Ina jin harshe uku, Faransanci na makaranta, Sango na titi, Hausa ta gida, kuma babu wanda ban ƙware wajen yin shiru da shi ba. A makaranta nakan san amsa tun malam bai rufe baki ba, sai in zauna da ita a ciki in jira wani ya faɗi ba daidai ba. Hausar ce ma ta fi ba ni tsoro. Kakanmu daga Damagaram ya taso da niyyar Makka a ƙafa, ya ratse kudu neman guzuri, ya tsaya Bangui don ya ɗan huta, hutun da har yau muke cikinsa. Mu jikoki da Sango muka tashi a baki, Hausa ta zama harshen abinci da faɗa. A gaban manyan unguwarmu ta Kilomita Biyar, masu Hausa mai kauri kamar kunun gyaɗa, sai in ji tawa ta tsinke ta zama ruwa.

Mutum ɗaya nake iya buɗe baki a gabanta, kakata, uwar mahaifina, wadda a ɗakinta na girma. Ita ce ta laƙaba mini Malam Shiru. Takan ce wa baƙi, "Ga mijina nan. Da bebe na aura da ya fi mini, ko ba komai bebe yana nuni da hannu."

A shekarar da sojoji suka fara bore saboda albashi aka rufe makarantu. Malamanmu ma ba a biya su ba, sai dai su ba su da bindiga. Harbi yakan taso daga can wajen bakin kogi, wani lokaci ya matso, wani lokaci a yi kwanaki ba a ji shi ba. Kasuwar Kilomita Biyar ta koyi buɗewa da rufewa kamar bakin kifi. 'Yan kasuwa suka iya tantance ƙarar bindiga yadda suke tantance atamfa: wannan ta nesa ce, a ci gaba da ciniki, wannan iska ake harbi, wannan kuwa a ja ƙofa.

Zaman gida bai dame ni ba, rashin abin karantawa ne ya dame ni. Na gama da littattafan makaranta na koma kan bayan kwalin shayi. Wata safiya aka aike ni sayen makala, irin fanken da matan Bangui ke toyawa a bakin titi, matar ta naɗe mini a cikin wani shafin littafi. A kwanakin an wawashe gidajen Turawa da dama. Kujeru da firji sun sami masu so, littattafai kuwa sun ƙare a hannun masu toye-toye. A tsaye na karanta shafin, mai ya jiƙa rabinsa. Maganar mutane irina yake yi, masu sanin amsa su haɗiye ta, masu tsallake titi don kada su gaisa da wanda suka sani. Na ji kamar marubucin ya daɗe yana ɓoye a bayan ajinmu.

Kullum sai na koma wajen matar, har mutanen gida suka fara ƙorafin makala. Ita ma ta lura. Ta ce mini da Sango, "Kai ɗan Hausa, makalata kake so ko takardata?" Na nuna takardar da yatsa. Na kawo mata tsofaffin takardun makarantata, ta miƙo mini abin da ya rage na littafin. Ba bango, ba farko, ba ƙarshe. Ƙarshen dai mutanen unguwa sun riga sun sha shayi da shi.

Abin da ya rage ya ishe ni. A faɗar littafin, ba a haihuwar mutum da ganin ƙimar kansa, sabo ne, kamar yadda ake saba wa yaro da alwala har ya daina jin sanyin ruwa. Ya ce mutum ya miƙe kafaɗa. Kowace safiya ya tsaya gaban madubi ya faɗa wa kansa alheri. In ya gamu da mutum ya dube shi cikin ƙwayar ido, ya riga shi miƙa hannu, ya matse da kyau, ya kira sunansa akai-akai don kowa yana son jin sunansa, kuma ya faɗi abin da ya kawo shi ba kewaye-kewaye. A shafin ƙarshe da ya tsira, ya ce kullum mutum ya yi abu guda da yake tsoro.

Ni kuwa in na kama abu ba na yi masa rabi da rabi. Babban madubin gidan yana ɗakin mahaifiyata, inda ba na shiga, don haka na cire na tsohon babur ɗin mahaifina. Ido ɗaya da rabin hanci kawai yake nunawa. Su nake tsayawa in gaya wa, da Faransanci, cewa ni mutum ne mai muhimmanci. Kakata ta kama ni ina yi a bayan ɗaki. Sai ga ta da kasko da garwashi tana zagaye ni da hayaƙi. "Aljanin ma Nasara ne," in ji ta, "ko sallama ba ya ji."

Musafaha da taɓarya na koye ta, har tafin hannuna ya yi kanta. Kallon ido ne ya ba ni wuya, don ba ni da wanda zan kalla. Sai na tuna da rago. Mahaifiyata tana da tsohon ciki, kuma kafin mahaifina ya tafi Kamaru saro kaya ya sayi ragon suna ya ɗaure a gindin mangwaro. Kowace safiya nakan tsaya gabansa mu kalli juna. Da farko ni nake fara ƙiftawa. Wata rana na dage, na ga ya ɗan ja da baya, zuciyata ta ce ka yi nasara. Karin maganar da kowane yaro ya sani ne ya kuɓuce mini a daidai lokacin, ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Igiyarsa ma ta fi yadda na auna tsawo. Cikin durom ɗin ruwa aka tsamo ni.

Ana cikin haka mahaifiyata ta sauka, mace, ta farko bayan jerin maza. Gida ya cika da guɗa da ƙamshin kunun kanwa. Mahaifina kuwa yana bakin iyaka, shi da ƙanensa a mota ɗaya, an rufe hanya. Wani direba da ya biyo ta daji ya kawo saƙonsa: kada a ɗaga suna, a sa mata sunan kakarta, babban ɗansa ya tsaya a madadinsa.

Babban ɗan ni ne. Na dubi ƙannena ko a cikinsu akwai wanda ya girme ni ban sani ba.

A unguwarmu ƙananan yara ne ke kai goron suna gida-gida, amma ba a aika wa manya yaro. Uban jariri ne da kansa yake zuwa, in ba ya nan ɗan'uwansa. Cikin manyan kuma akwai wanda ake farawa da shi, Alhaji mai kwanuka, wanda ke da babban shagon langa da fanteka a layin 'yan kwano. Shi ya ɗauki mahaifina yaron shago tun bai fara gemu ba, shi ya yi masa aure, shi ya ba shi jari. In Alhaji ya zauna a tabarmar ƙofar gidanka, layi guda ne zai biyo shi. In bai zo ba, kowa sai ya tuna cewa gari ba lafiya, kuma a lokacin ba wanda zai ƙaryata shi.

Kakata ta zaɓi fararen goro manya ta naɗe a ganye. "Ka ji ni da kyau, Malam Shiru," ta ce. "Ba za a raɗa wa takwarata suna a gaban liman da rago kaɗai ba. Matan layin nan jira suke su ce gidan da maigida ba ya nan kango ne. Ka buɗe bakin nan yau, in ya so gobe ka rufe shi har abada."

A raina na ce ba ta san da wa take magana ba. Na sha wuya a hannun taɓarya da rago, yau ranar girbi ce.

Na tarar da Alhaji zaune a kan darduma a ƙofar shago, tulin kwanuka a bayansa har rufi, rediyo a gefen kunne. Tare da shi akwai dattawa, da wani baƙo da bai daɗe da zuwa daga Maraɗi ba, yana shan shayi. Na miƙe kafaɗa. Ban cire takalmi ba, ban durƙusa ba. Na yi sallama a tsaye kamar mai karɓar haraji, na miƙa hannu. Don mamaki ya ba ni yatsunsa, ni kuwa na yi musu abin da na saba yi wa taɓarya. Ashe yana da sanyin ƙashi, ga zoben azurfa a yatsa. Na kafa masa ido. Sannan na kira sunansa.

Sunan yanka nake nufi, tsirara, ba Alhaji, ba Baba. A jikin kwalayen kayan da ke zuwar masa daga Duwala na gan shi, an rubuta da baƙin fenti, na haddace.

Baƙon Maraɗi ya ƙware da shayi. Wani dattijo ya kashe rediyo. Alhaji ya waiwaya bayansa a hankali, kamar mai neman wanda ake kira a cikin kwanukan.

"Rabona da jin wannan suna," ya ce, "tun ranar da uwata ta kama ni da hannu a tukunyar nama."

Littafin ya ce akai-akai. Na sake kira, na ɗora da cewa an yi mana haihuwa, suna jibi bayan asuba, ga goro. Duk da ƙarfi na faɗa, har masu turin kura da ke wucewa suka tsaya.

"Cika ni tukuna," in ji Alhaji. Na saki hannun. Ya duba yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. "Ɗan wane ne wannan?" Ya sani sarai, shi ya biya wanzamin da ya yi mini askin suna.

"Ɗan yaronka ne, Alhaji," wani ya ce, "wanda ke karatun Nasara."

"A'a. Wancan na san shi, ko tari ba ya yi a gabana." Ya tura ƙunshin goron da bayan hannu har ya taɓa takalmina. "Mayar. Ka ce wa kakarka ban ga ɗan aike ba. Soja na gani, kuma sojoji ba su gayyatata suna."

Na ɗauki goron. Kafaɗun da na miƙe suka koma mazauninsu tun kafin in fita layin.

Labari ya riga ni isa gida, don a Kilomita Biyar magana ba ta jiran mota. Wasu sun ce na fara shaye-shaye. Wasu sun ce masu bore sun ɗauke ni aiki. Wata maƙwabciya ta ce dama ta faɗa, yaron da ke hira da rago ba a aikensa wajen mutane. Kakata ta karɓi ƙunshin, ta juya shi a hannu. A tsawon rayuwarta, in ji ta, ta ga an mayar da kayan aure, ta ga an mayar da bashi, amma goron suna yau ta fara gani. Ba ta yi mini tsiya ba, abin da ya fi tsiyar ciwo.

Daga cikin ɗaki na ji muryar mahaifiyata, ƙasa-ƙasa, ta mai jego da ba ta gama hutawa ba. "Bango," ta ce, "tambayar mini wancan, me muka yi masa?"

Na tafi gindin mangwaro na zauna inda igiya ba ta kaiwa. Na yi niyyar mayar wa mai makala littafinta ta ƙarasa abin da ta fara. Ina nan sai na ga kakata ta fito da mayafi da sanda, tana jan gwiwar da ko masallacin Koudoukou ba ta kai ta sai da hutu a hanya. Wai za ta je da kanta ta durƙusa wa Alhaji a tsakiyar kasuwa, a gaban maza.

"Kaka, koma," na ce. "Ni zan je."

Ta tsaya tana dubana. Ni ma na yi mamaki, don ba a tambaye ni ba na yi magana. Abin da na gane a wurin shi ne kallon idon Alhaji ba shi ne abin da nake tsoro ba. Wannan riga ce na aro na sa, ba ni ba ne, ko an ƙi ta ba ni aka ƙi ba. Komawa da fuskata ta gaskiya, wajen mutanen da suka ga abin da na yi, shi ne abin tsoron. Shafin ƙarshen littafin kuwa ya ce kullum guda ɗaya.

Sai kuma na tuna wani abu. Mai kunya ba ya magana, amma kunnensa ba ya hutu. Tun ina ƙarami nake tsayawa a bayan mahaifina in yana gaida Alhaji. Na san inda yake cire takalmi, a bakin kwata. Na san yadda yake durƙusawa, da inda yake ajiye idonsa, da yadda yake tallafe hannun dama da na hagu ya mayar ƙirji. Na san tambayoyin a jere, wacce ke bin wacce, kamar darasin da na haddace ban taɓa biyawa ba. Gaisuwa ma ai aikin mai kunya ce. Ba a ƙirƙirar komai, ba a kallon kowa, an san amsa tun kafin a tambaya.

Na roƙi kakata ta zama Alhaji. Ta sa hular mahaifina, ta kife turmi ta zauna, ta kara murfin tukunya a kunne a matsayin rediyo. Ta fi Alhajin gaskiya tsanani nesa ba kusa ba.

"Koma! Wa ya ce ka shigo mini da ƙafar hagu?"

Na koma.

"Ɗaga murya. Da ni kake ko da tururuwa?"

Na ɗaga.

"Kai, rage! Ɗazu ka kashe mutum da hannu, yanzu da baki za ka ƙarasa shi?"

In na tambayi iyali sai ta ce duk sun gudu Zayar, don ta ga ko zan rikice. Muka yi ta yi har aka kira la'asar, ƙannena suna kan katanga suna dariya, rago yana kallo.

Washegari da hantsi na kama hanya da ƙunshin goron, an sake yayyafa masa ruwa. Kasuwa a buɗe take amma da ƙafa ɗaya, masu shaguna sun fito da rabin kaya, kowa hannunsa kusa da ƙofa. Tun daga bakin layin 'yan kwano na ji idanu a kaina. Wani ya ce, "Ga Kaftin nan ya dawo, Alhaji ɓoye hannunka." Na ci gaba da tafiya.

Alhaji yana cikin shago wannan karon, a bayan teburin ciniki, baƙon Maraɗi yana kan benci. Na cire takalmi a bakin kwata. Na yi sallama, na durƙusa, na ajiye idona a kan gefen darduma.

"Barka da hantsi, Baba."

Kamar wanda ake cire wa haƙori, Alhaji ya ce, "Barka kadai."

"An tashi lafiya?"

"Lafiya."

"Ina gajiya?"

Bai kai ga amsawa ba aka buɗe wuta. Ba ta nesa ba ce, ba kuma mai tsayawa tantancewa. Ƙofofin ƙarfe suka fara faɗuwa a layi. Baƙon Maraɗi ya yi tsalle zai ja tamu, kafaɗarsa ta daki tulin kwanuka, abin da aka jera tun daga ƙasa har rufi ya taho gaba ɗaya. Ƙarar kwanukan ta fi ta bindigar. Ban san yadda aka yi ba, na dai sami kaina a ƙarƙashin tebur, Alhaji a gefena, rawaninsa ya warware, wata fanteka ta kife a kaina kamar hular kwano.

Na riga na faɗa, ba na iya barin abu rabi da rabi. An yi tambaya ba a amsa ba, abin ya tsaya mini a wuya. Na ɗan ɗaga fantekar.

"Ina gajiya, Baba?"

Ya juyo ya dube ni. A ƙarƙashin tebur babu inda mutum zai kai idonsa, don haka na ajiye nawa a kan maɓallin rigarsa.

"Ba gajiya," ya ce.

"Ya iyali?"

"Lafiya lau."

"Ya ƙarfin jiki? Da... da hannu?"

"Da sauƙi."

"Ya kasuwa?"

Wani murfin langa ya gangaro ya wuce ta gabanmu, ya yi ta juyi kafin ya kwanta.

"Da godiya," in ji Alhaji.

Aka sake sakin wata, har ƙura ta zubo daga kwanon rufi. Baƙon Maraɗi yana bayan buhu yana salati da kiran sunayen 'ya'yansa.

"Ina labari, Baba?"

"Sai alheri."

A nan na ji teburin yana girgiza. Na ɗauka harbin ne, ashe Alhaji ne. Dariya yake yi marar sauti, hawaye yana bin gemunsa. Da ya samu numfashi sai ya karɓi gaisuwar, don haka ake yi, babba ma yana da nasa zagayen. Ya mai jego, ya jaririya, ya gwiwar tsohuwa, wane labari daga bakin iyaka. Na amsa duka, Hausata ba ta tsinke ba ko sau ɗaya, wataƙila don ba ta da wurin gudu.

"To, yanzu na gan ka," ya ce. "Jiya wa aka aiko mini?"

"Littafi ne, Baba. A yi haƙuri."

"Wane iri?"

"Na koyon yarda da kai. Na Turawa."

"Su haka suke yi wa iyayensu?"

"Ban sani ba, Baba. Farkonsa da ƙarshensa babu, an naɗe makala."

Ya sake girgiza teburin. Na ciro ƙunshin daga aljihu na miƙa da hannu biyu, na faɗi saƙon yadda mahaifina zai faɗa, cewa Allah ya sauki iyalin ɗansa lafiya, an sami ƙaruwar mace, gobe bayan asuba ake roƙon albarkarsa. Ya kwance ganyen, ya ɗauki ɗaya ya ɓare, ya ba ni ɓari guda.

"Ka ce wa littafin ya rage ƙarfin hannu," ya ce yana tauna. "Amma abu ɗaya kada ka yar. Jiya na ji muryarka har bakin titi. Shekara da shekaru ina cewa ɗan yarona ba shi da ita. Ka riƙe ta, ka dai koya mata durƙuso."

Da harbin ya lafa aka ce wai sojoji ne suka yi rigima a kan wata mota. Na taya tattara kwanuka, na jera su bisa girma, wanda hakan ya ɗauki lokaci don ban yarda a sa ƙarami a ƙarƙashin babba ba. Sannan Alhaji ya fito ƙofa ya zauna, ya ce in bi layin shago-shago in yi gayyatar suna yana kallo. Na bi. A shago na farko muryata ta yi rawa, a na gaba ta ɗan tsaya, can wajen ƙarshen layi har wani dattijo ya ce in taƙaita, yana da masu ciniki.

Ranar suna, tun kafin gari ya gama wayewa na shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, na zauna ina kallon bakin lungu. Liman ya zo. Wanzami ya zo. Sai can ga Alhaji da sandarsa, layin 'yan kwano a bayansa, da na 'yan atamfa, har da baƙon Maraɗi da ƙulli a goshi. Tabarmi suka kasa, aka aro na maƙwabta, har na matar da ta ce ba a aikena wajen mutane.

Ni na durƙusa na raɗa wa liman sunan a kunne. Aka yi fatiha, aka faɗa wa jama'a, guɗa ta tashi daga cikin gida. Da aka zo kwance rago muka kalli juna karo na ƙarshe, ni na fara kawar da kai, wannan karon da gangan.

Mutane suka taso yi mini barka a madadin mahaifina. Alhaji ya bari sai da kowa ya yi shiru. Ya miƙe tsaye, ya riga ni miƙa hannu, ya kama nawa da hannunsa mai lafiya ya matse har na ji ƙasusuwana suna gaisawa. Ya kafa mini ido. Sannan ya kira sunana na yanka da ƙarfi, ya sake kira, ya ce Allah ya raya. Dattawa suka kwashe da dariya har liman ya riƙe ciki. Na tsaya a tsakiyarsu ana yi mini dariya, ban nemi ƙasa ta tsage ba. Na ce amin, kuma an ji ni.

Da rana, bayan an watse, na shiga gida ɗauke da tabarmi. Kakata tana rabon nama tana faɗa wa mata cewa ita ta koya wa mijinta magana, da turmi. Zan wuce ƙofar ɗakin mahaifiyata sai na ji ta yi gyaran murya.

"Bango," ta ce, "ka ce wa wancan an gode. Ka ce masa ya fita kunyar ubansa."

Na tsaya da tabarmi a kafaɗa. Ƙasa tana nan inda na saba samunta, tana jiran amsa. Na ɗaga kai na dubi bangon sosai, na ce masa ba komai, Allah ya raya mana ita.